Tsimin Wuta da Itace a Jihar Barno: Ina Rabon Mai Zaman Haya?

(Jawabin da kwamitin kula da haƙƙin mazauna ya gabatar a taron magidanta da iyaye mata na unguwar Gomari)



Ranka ya daɗe Bulama, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyaye mata, 'yan'uwa magidanta da matasa, muna yi wa kowa barka da zuwa, muna kuma godiya da kuka bar kasuwa da sana'a kuka amsa wannan kira. Abin da aka ɗora mana mu yi bayani a kansa yau shi ne shirye-shiryen da gwamnati take yi domin rage ɓarnar makamashi, wato wutar lantarki da man fetur da itace da gawayi, da kuma matsayinmu a cikin waɗannan shirye-shirye, mu da kakanninmu suka fito daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Haɗeja ko Zariya, amma a nan muke zaune, a nan muke biyan haya, a nan 'ya'yanmu suke karatu, a nan kuma muke binne mamatanmu.

Wani zai ce me ya haɗa ƙwan fitila da maganar haƙƙi? To, jama'a, haɗin yana da ƙarfi. Duk wani shiri na tsimin makamashi, ƙarshensa kuɗi ne da zai rage a aljihun wani. Tambayarmu ita ce aljihun wa. Idan shirin ya tsaya a kan mai gidan kansa, mai mitar kansa, mai sunansa a cikin kundin ƙaramar hukuma, to mai zaman haya a ɗaki ɗaya ko ciki da falo yana iya shekara goma yana jin labarin tsimi a rediyo, ko sisi bai ragu a abin da yake biya ba. Mu kuwa da yawanmu a wannan rukuni muke.

Ba sai mun tuna wa kowa a nan darajar wuta ba. A watan Janairun 2021 aka fasa turakun babban layin da ke kawo wuta ta hanyar Damaturu, garin nan gaba ɗaya ya faɗa cikin duhu. Aka gyara a ƙarshen watan Maris, mutane suka yi murna, ba a yi kwana nawa ba aka sake fasa su. Masu walda da teloli da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara sun san abin da suka gani a wannan shekara. Bayan haka ne kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya gina tashar wuta ta gaggawa a hanyar Baga, wadda aka tsara ta ba da megawat 50, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a watan Maris na 2023. Tashar da iskar gas take aiki, kuma tunda babu bututun gas da ya iso Maiduguri, da manyan motoci ake ɗauko shi daga kudu. Ku duba nisan tafiyar da gas ɗin nan yake yi kafin ya zama haske a ɗakin mutum. Wutar da aka sha irin wannan wahala kafin a samo ta, bai kamata ta ƙare a ƙwan da aka bari kunne a tsakar gida da rana tsaka ba.

Sai kuma ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta tashi ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Ƙaramin janareta da kowane mai shago yake dogara da shi ya zama kaya. Kuɗin Keke Napep ya tashi, kuma ku tuna tun 2011 aka hana hawa babur a cikin garin nan, don haka talaka ba shi da wata mafita ta acaɓa kamar yadda ake yi a wasu garuruwa.

Yanzu bari mu faɗi abin da gwamnatin jiha ta yi, domin adalci ne a faɗa. A watan Disambar 2023 Shugaba Tinubu ya zo Maiduguri ya ƙaddamar da motocin haya 107, bas-bas da tasi, masu aiki da lantarki da iskar gas, waɗanda gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta samar, aka kuma sa musu kuɗin shiga mai sauƙi. Wannan tsimi ne na gaske. Injin fetur, idan ka raba ƙarfin man da ya sha gida huɗu, kusan gida uku zafi da hayaƙi suke zama, gida ɗaya ne kawai yake juya taya, alhali motar batir mafi yawan ƙarfin da aka zuba mata tafiya yake zama. Tun kafin gwamnati ta shigo ma, wani matashi ɗan garin nan, Mustapha Gajibo, ya riƙa cire injin fetur daga ƙananan bas yana sa musu batir, har kafafen watsa labarai na duniya suka ba da labarinsa a 2022. Har ila yau an kafa fitilun kan titi masu aiki da hasken rana a manyan hanyoyi, an sa sola a asibitoci da rijiyoyin burtsatse da dama. A ɓangaren itace kuma, a 2025 gwamna ya sa hannu a kan umarnin hana sare itatuwa barkatai.

To, a nan ne muke so kowa ya buɗe kunne. Shirye-shiryen gwamnati iri biyu ne. Akwai wanda yake zaune a kan titi, kowa ya zo ya mora. Bas ɗin lantarki ba ya tambayar garin ubanka kafin ka hau. Fitilar kan hanyar filin jirgin sama ba ta bambanta Babarbare da Bahaushe da Bashuwa da Ibo. Irin wannan ba mu da ƙorafi a kansa, sai dai mu roƙi a ƙara yawansa, a kuma shigo da shi cikin lunguna. Akwai kuma wanda yake bi ta takarda: a rubuta sunaye, a tantance, a raba. Murhu mai tsimin itace, tukunyar gas, ƙaramar sola ta gida, keken haya da za a biya sannu a hankali, rancen sana'a, horon matasa a kan haɗa sola, duk ta jerin sunaye suke bi. Kuma a ƙasar nan tamu, daga Legas har Barno, daga Jos har Kano, inda duk aka ce a kawo sunaye, nan ne takardar shaidar asali, wadda ake kira indijin, take ɗago kai. Ba muna zargin wani ofishi a jihar nan ba ne. Muna magana ne a kan al'adar da ta game ƙasa baki ɗaya, wadda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta rubuta rahoto guda a kanta tun 2006. Kuma kada mu manta, yadda muke jin zafin abin a nan, haka Babarbaren da aka haifa a Fagge ko Sabon Garin Zariya yake jin nasa a can.

Me doka ta ce? Tsarin mulkin 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a cikin ƙasar. Sashe na 43 ya ba shi 'yancin mallakar fili ko gida a ko'ina. Sashe na 42 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani abu, ko a fifita wani a kansa, ta hanyar doka ko ta hanyar aikin gwamnati, saboda ƙabilarsa ko wurin da ya fito ko addininsa. Waɗannan ukun suna cikin babi na huɗu, wato babin da mutum zai iya zuwa kotu a kansa. Akwai kuma sashe na 15, inda aka ɗora wa gwamnati ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin mazauni a kowane ɓangare na tarayya, sai dai shi yana babi na biyu ne, wanda manufa ce da ake tuna wa gwamnati, ba a kai ƙara da shi kai tsaye. Inda tsarin mulki ya ambaci ɗan asalin jiha, kamar wajen naɗa minista a sashe na 147, maganar rabon muƙami ce. Babu inda ya ce murhu ko ƙwan fitila sai ɗan asali.

Ban da doka ma, akwai lissafi. Harajin albashi da na sana'a, jihar da mutum yake zaune ita take karɓa, ba jihar kakansa ba. Ranar ƙidayar jama'a a Gomari ake ƙirga mu, a cikin ƙaramar hukumar Jere, kuma yawan jama'a yana cikin ma'aunin da ake raba kuɗin tarayya da shi. Ƙuri'armu a nan muke jefawa. Hausawa kuwa ba baƙin jiya ba ne a wannan gari. Sunan unguwar Hausari kaɗai ya isa shaida, kuma Yerwa kanta a 1907 aka kafa ta. Sannan ga wata hujja da ta fi duka sauƙin fahimta: taransifomar unguwa ba ta san ɗan asali ba. Idan aka raba kayan tsimi ga rabin gidajen layi aka bar rabi, lodin da zai ƙona taransifomar yana nan, kuma ranar da ta ƙone kowa zai kwana a duhu, mai takarda da marar takarda. Dajin da ake so a ceta ma haka ne, tukunyar matar Bahaushe itacen da take ci daidai yake da na maƙwabciyarta.

Akwai misali daga ƙasar Gana da ya kamata mu riƙe, musamman da yake muna da 'yan'uwa a zangunan Ankara da Kumasi. A 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, gwamnatin ƙasar ta sayo ƙwayayen fitila masu tsimi miliyan 6 ta raba kyauta, a karɓi tsohon ƙwai mai zafi a ba ka sabo. Hukumar makamashi ta ƙasar ta ce hakan ya rage megawat 124 a lokacin da aka fi jan wuta. Ku kwatanta: ya ninka tashar hanyar Baga sau biyu har da ɗoriya, ba tare da an gina ko ɗaki ɗaya ba. Abin da ya fi burge mu a wannan shiri shi ne sharaɗinsa. Tsohon ƙwan da ke rataye a ɗakinka shi ne shaidarka. Irin wannan ma'auni muke so a riƙa amfani da shi a nan: wanda yake da murhu a gidan, wanda yake da mita ko takardar biyan kuɗin wuta, wanda Bulama ya san ƙofar gidansa.

Wannan magana ta ƙara nauyi ne saboda dokar wuta ta sauya. A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon samar da wuta da raba ta ko a wuraren da layin tarayya ya kai, a watan Yunin shekarar kuma aka sa hannu a sabuwar Dokar Wutar Lantarki ta 2023. Jihohin Inugu da Ekiti da Ondo su ne suka fara karɓar ragamar kula da kasuwar wutarsu daga hukumar NERC a 2024, wasu suka bi baya. Ma'ana, al'amuran da da sai Abuja, yanzu majalisar dokokin jiha da ma'aikatun jiha suna da baki a ciki. Duk lokacin da aka kira taron jin ra'ayin jama'a a kan dokar wuta ko ta muhalli, ya kamata a ga wakilanmu a zaune a layin gaba da takardarsu a hannu. Kalma ɗaya muke nema a cikin kowace doka da kowace sanarwa: a rubuta “mazauna jihar”, kada a rubuta “'yan asalin jihar”.

Yanzu mu dawo cikin gida, inda matsalar ta fi ciwo, kuma inda babu hannun gwamnati sosai. Yawancin gidajen haya a unguwannin nan, waya ɗaya ce ta shigo, bil ɗaya, ko mita ɗaya, ɗakuna takwas ko goma. Ƙarshen wata sai a raba kuɗin, wasu gidajen da yawan ɗakuna, wasu da ƙirga ƙwai da soket. A irin wannan tsari, wa zai yi tsimi? Bazawarar da ke da ƙwai ɗaya da fanka ɗaya tana biyan daidai da mai firiza biyu da ke sayar da ƙanƙara. Idan ta cire kuɗinta ta sayi ƙwai mai tsimi, ribar ta watsu a kan gidan gaba ɗaya, ita ko kwabo ba ta gani ba. Idan kuma gidan ba shi da mita sam, ana kawo bil na ƙiyasi, to ko duk gidan sun kwana a duhu da gangan, takardar ba za ta sani ba. Shi mai gida da ke zaune a wata unguwa ba shi da dalilin sa silin ko gyara tsohuwar waya, tunda ba shi yake shan zafin ba, ba shi yake biyan kuɗin ba. Shi ɗan haya kuma yana tsoron kashe kuɗi a gidan da za a iya ba shi notis baɗi. Saboda haka muke cewa mita ita ce ƙofar tsimi. Kafin a yi maganar ƙwai ko fanka, a fara maganar mita.

Kuma a nan dokokin NERC suna tare da mai amfani da wuta, ko ɗan haya ne, ko daga ina ya fito. Kamfanin raba wuta na Yola, wanda shi ke kula da Adamawa da Taraba da Yobe da Barno, yana ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji kamar sauran kamfanonin ƙasar. Tun watan Fabrairun 2020 hukumar ta sa iyaka a kan abin da za a iya rubuta wa marar mita a matsayin ƙiyasi. Wanda ya biya kuɗin mita daga aljihunsa ƙarƙashin shirin masu samar da mita, ƙa'ida ta ce a mayar masa da kuɗinsa sannu a hankali ta hanyar yunit. Sayen taransifoma da falwaya da waya aikin kamfani ne, ba na mutanen unguwa ba. Bashin da tsohon ɗan haya ko mai gida ya ci, ba a ɗora wa sabon shiga. Ba a yanke wa mutum wuta sai an ba shi sanarwa a rubuce. Wanda yake da ƙorafi zai fara kai shi sashen karɓar ƙorafi na kamfani a rubuce, ya karɓi shaidar ya kai, idan kwanakin aiki 15 suka wuce ba a warware ba sai ya ɗaukaka zuwa zauren sauraron ƙorafi na NERC. Ku lura da kalmar “a rubuce”. Yawancinmu da baki muke ƙorafi, a bakin falwaya, ga ma'aikacin da ya zo da tsani, shi kuwa ba shi da ikon yanke hukunci.

Tun 2020 kuma aka raba layukan wuta rukuni biyar bisa yawan awowin da aka yi alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4, kowanne da farashinsa. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Kowane magidanci ya duba rasidinsa ya ga rukunin da aka sa shi, ya kwatanta da awowin da yake gani da idonsa. Akwai ma wani rukuni na masu ƙaramin ƙarfi da aka daɗe da tanada a jadawalin farashi, na gidan da ba ya wuce yunit 50 a wata, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ɗaki ɗaya mai tsimi zai iya zama ƙasa da yunit 50 cikin sauƙi, amma idan an haɗa shi da ɗakuna tara a kan mita ɗaya, ta yaya za a gane?

Bari mu yi lissafin a fili, domin matasanmu 'yan makaranta su duba ko mun yi daidai. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Tsohon ƙwai mai jan haske, wat 60, idan yana kunne awa 6 kullum, a wata zai sha kusan yunit 11. Ƙwan LED mai wat 9 da ke ba da haske kamar nasa, bai kai yunit 2 ba. Ƙwai biyar, ka ga yunit 54 ke nan a gefe guda, yunit 8 a ɗaya gefen. Mun san gidaje da yawa sun riga sun rabu da tsohon ƙwan, to amma ɓarayin wutar ba su ƙare ba. Fankar sama ta da, mai wat 75, awa 10 a rana, yunit 22 da rabi ce a wata. Sabuwar fanka mai wat 30, irin wadda ke aiki da batir ko sola, yunit 9. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, fanka ba ado ba ce, don haka bambancin nan kuɗi ne na gaske. Hitar da ake jefawa cikin bokiti lokacin hunturu, wat 1,000 ce ko fiye: awa ɗaya tata daidai yake da ƙwan LED ya yi awa 111 yana ci. Dutsen guga ma haka, shi ya sa ya fi kyau a tara kaya a goge lokaci guda. Tsohon firjin gwanjo mai sakakkiyar roba a bakin ƙofa kuwa, injinsa ba ya hutawa dare da rana. Gana ta hana shigo da irinsa tun 2013. Mai shirin sayen sabo ya nemi takardar taurari ta hukumar SON da ake liƙawa a jiki, yawan taurari yawan tsimi.

Inda mai gida bai yarda a raba waya kowa ya samu mitarsa daga kamfani ba, akwai ƙaramar mita da ake sayarwa a shagunan kayan wuta, a sa wa kowane ɗaki. Kamfani ba ya lissafi da ita, amma tana raba gardama a cikin gida, kowa ya biya abin da ya sha. Gidaje da yawa rigimar da ke kai su gaban Bulama daga nan take tasowa. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: wanda ya zagaye mita, ko ya maƙala waya da dare, laifi ya yi a ƙarƙashin dokar 2023, kuma ya zubar mana da mutunci gaba ɗaya, domin gobe idan muka je neman haƙƙi, da shi za a fara yi mana gori. Ƙungiya ba za ta tsaya wa kowa a kan wannan ba.

Iyaye mata, mun zo kanku, kuma da ma naku ne ya fi yawa, domin a gidan talaka kuɗin girki ya fi kuɗin lantarki. Murhun duwatsu uku, cikin zafi kashi 100 da itace yake bayarwa, abin da ke shiga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 ba, saura iska ta kwashe. Murhun da aka kewaye da yumɓu ko ƙarfe, mai ƙofa ɗaya, yana iya ninka wannan. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta buɗe wuraren ƙera irin wannan murhu a Maiduguri da Jere da Konduga a 2018, ta horar da mutanen gari, yawancinsu mata, aka raba dubbai musamman ga 'yan gudun hijira da masu masaukinsu. Dalilin bai ɓuya ga kowa ba: mutane nawa aka rasa a dajin nan wajen neman itace a shekarun rikici? A matakin tarayya kuma, a 2024 aka amince da manufar girki mai tsabta ta ƙasa. To, tunda an hana sare itace, kuma hanin yana da hujja ga duk wanda ya san irin inuwar da dogon yaro yake yi wa garin nan, wajibi ne hanin ya zo tare da madadi. Mai ƙosai da mai waina da mai awara da mai shayi da mai tsire da mai gidan burodi, waɗanda da yawansu mutanenmu ne, su ne farkon waɗanda tsadar itace da gawayi take bugu. Idan za a raba murhu ko tukunyar gas, mai tuya a bakin titi ta fi kowa cancanta, domin itacen da take ƙonawa a mako ya fi na gida uku. Kafin rabon ya zo kuwa, rufe tukunya da murfi, jiƙa wake tun dare, busar da itace kafin a hura, da kare murhu daga iska, duk suna rage kashin kuɗi, kuma kun fi mu sanin wannan.

Abin da kwamiti ya yanke shi ne, za mu rubuta takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukumar Jere da ɗan majalisarmu na jiha da ma'aikatun da ke kula da muhalli da sufuri da wutar lantarki, ta hannun Bulama da Lawan kamar yadda tsarin masarautar Shehu ya tanada, ba ta bayan idonsu ba. Za mu nemi a riƙa bayyana sharuɗɗan kowane rabo a fili kafin a fara rubuta suna, a kuma karɓi katin zaɓe ko lambar NIN tare da shaidar Bulama ko rasidin haya a matsayin shaidar zama. Za mu nemi gwamnatin jiha ta sa baki a shirin samar da mita ga gidajen haya masu ɗakuna da yawa, ta kuma duba yiwuwar musayar tsofaffin fankoki da firji kamar yadda Gana ta yi da ƙwai. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin wannan bayani a rubuce, ta ba ofis kwana 7 ya amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Wanda aka mayar da shi daga layi don kawai ba shi da takardar indijin, kada ya yi faɗa a wurin, kada kuma ya haɗiye ya koma gida. Ya riƙe ranar da wurin da sunan shirin, ya kawo wa sakatare. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa tana da ofis a Maiduguri, haka ma hukumar karɓar koke-koken jama'a, kuma ba a biyan kuɗi kafin a shigar da koke.

Takardar nan ba za ta yi nauyi ba sai da alƙaluma na gaskiya, kuma ba mu son mu rubuta abin da ba mu ƙirga ba. Saboda haka matasa goma da suka ba da sunansu za su bi gida-gida daga ranar Asabar, tare da mata biyu domin shiga cikin gidajen kulle. Za su tambayi ɗakuna nawa ne a gidan, mita nawa, yaya ake raba kuɗin wuta, da me ake girki, nawa ake kashewa a mako, kuma ko an taɓa rubuta sunan wani a gidan a wani rabo. Maƙwabtanmu Barebari da Shuwa da Margi da Babur da ke haya a gida ɗaya da mu, a rubuta da su, matsalar mita ɗaya ce. A taro mai zuwa kowane magidanci ya zo da rasidin wuta na wata uku da takardar hayarsa, wanda ba shi da takardar haya kuma ya faɗa wa sakatare tun yau, akwai samfurin da aka buga da Hausa da Turanci da za a ba shi ya kai wa mai gidansa.

 Yanzu fili na masu tambaya ne, kuma za mu fara da ɓangaren mata.